Timotawus na Bagadaza: Shugaban Kiristan da ya yi muƙabala da Halifa, ya koma gida lafiya

A ɗakinmu na makaranta mu huɗu ne, uku Musulmi, ɗaya Kirista. Tun muna aji ɗaya tukunyarmu ɗaya ce, wanda aka aiko wa garin kwaki daga gida an aiko wa kowa. Amma a zangon da ya wuce, wani guntun bidiyo da bai kai minti ɗaya ba ya kusa raba mu. An yanko shi ne daga muƙabalar wani malami da wani fasto, aka liƙa masa rubutu da manyan baƙaƙe wai an rufe wa fasto baki. Ɗayanmu ya ɗora a WhatsApp. Abokinmu Kirista ya gani, shi ma ya nemo nasa guntun, wanda a ciki malamin ne ke in-ina, ya ɗora. Kwana tara ba a ci abinci tare a ɗakin nan ba.

Na san kai ma ka sha cin karo da irin waɗannan bidiyoyi a TikTok da Facebook, wataƙila ma ka taɓa turawa gaba. Ka kuma san a ƙasar nan magana ɗaya kan addini ta sha jawo abin da ya wuce gaba da ƙauracewa, har asarar rayuka. Shi ya sa yau na ɗauko maka tarihin wani mutum da ya bar duniya fiye da shekara 1,200 da suka wuce.

Sunansa Timotawus na Ɗaya, shugaban wani babban coci da mabiyansa suka bazu daga Iraƙi har ƙasar Sin. Mazauninsa Bagadaza, tsakiyar daular Musulunci. Ya zauna gaban Halifa kwana biyu suna kai-komo kan Annabi Isa (AS), da Triniti, da gicciye, da matsayin Annabi Muhammad (SAW). Bai musulunta ba, Halifa bai bar addininsa ba, ba a zagi kowa ba, kuma kowa ya kwana a gidansa.

Yaro daga ƙasar Arbil

An haife shi wajen shekarar 727 a wani gari mai suna Hazza, kusa da Arbil, a arewacin Iraƙi ta yau. Kar ka yi mamakin jin Kirista a can. Ɗaruruwan shekaru kafin zuwan Musulunci akwai Kiristoci a ƙasar da ke tsakanin kogunan Dijla da Furat, suna zaune ƙarƙashin sarakunan Farisa. Ana kiran cocinsu Cocin Gabas, kuma da harshen Suryani suke ibada, wanda dangin Larabci ne da Ibrananci. Ba sa bin Fafaroma, ba sa bin Sarkin Rumawa. Hasali ma Kiristocin daular Rum kallon 'yan bidi'a suke yi musu, saboda tsohon saɓani kan yadda allahntaka da mutuntaka suka haɗu a cikin Almasihu. Ka riƙe wannan, don zai taimaka maka ka gane dalilin da ya sa Timotawus bai taɓa ɗaukar kansa baƙo a ƙasar Halifa ba. Nan ce ƙasarsa, nan aka binne kakanninsa.

Wani ɗan'uwan iyayensa, mai suna Giwargis, shi ne bishop na yankin Bet Bagash. Ta dalilinsa yaron ya samu shiga makarantar Bashosh, a hannun wani shahararren malami, Ibrahim bar Dashandad. A can ya karanci Littafi Mai Tsarki, da rubuce-rubucen magabatan coci, da ilimin manɗiƙi na Girkawa, wato yadda ake gina hujja da yadda ake gane hujjar da ta karkace. A can kuma ya yi abokai biyu da za su sake bayyana a labarin nan: Sarjis, amininsa, da Isho bar Nun, wanda daga baya ya zama abokin hamayyarsa.

Yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, kamar ni da kai, duniyar da ya sani ta juye. A 750 aka gwabza yaƙin Zab a bakin kogin da ya ratsa yankinsu, daular Banu Umayya ta faɗi, Abbasiyawa suka karɓi mulki. A 762 Halifa Mansur ya aza harsashin sabon birni, Bagadaza. Wajen 770 kuma Timotawus ya gaji ɗan'uwan nan nasa a kujerar bishop na Bet Bagash, wani yanki na duwatsu da ba kowa ya san da shi ba.

Buhunan da babu kuɗi a ciki

To, kar ka zaci waliyyi zan zana maka. Yadda ya hau shugabancin cocin akwai ƙura a ciki. Da shugaba Hananisho na Biyu ya rasu, masu neman kujerar suka fito. Akwai wani dattijo, Ishoyab, shugaban wani gidan masu zuhudu, da mutane da yawa ke so. Timotawus ya lallashe shi cewa shekarunsa ba za su ɗauki makircin manyan gari ba, ya yi masa alkawarin wani babban muƙami, dattijo ya janye.

Sauran masu zaɓe kuwa, marubutan tarihi na baya sun ruwaito cewa ya nuna musu wasu buhuna masu nauyi, suka ɗauka kuɗi ne za a raba bayan zaɓe. Aka zaɓe shi, aka naɗa shi a watan Mayu na 780. Da aka zo buɗe buhu, sai ga duwatsu. Waɗanda suka yi ƙorafi ya tunatar da su cewa muƙamin addini ba abin saye da sayarwa ba ne. Kai ka yanke hukunci ko wayo ne ko yaudara. Ni dai da na karanta sai na tuna da zaɓen ƙungiyar ɗalibai.

Abin bai tsaya nan ba. Wasu manyan bishop suka ƙi yi masa mubaya'a, aka yi ta korar juna daga coci kusan shekara biyu. Ɗaya daga cikinsu, Yusuf na birnin Marwa, ya kai ƙara gaban Halifa, bai samu yadda yake so ba, daga ƙarshe ya musulunta. Sai wajen 782 aka sasanta, bayan Timotawus ya sauke kai ya yarda babban abokin hamayyarsa, Ifraimu, ya sake yi masa addu'ar naɗi.

Da ƙura ta lafa, ya yi abin da ya nuna hangen nesansa. Tsohon mazaunin shugabannin cocin yana Mada'in, tsohuwar hedikwatar Farisa. Shi kuwa ya tare a Bagadaza, kusa da fada, inda ake yanke hukuncin da zai shafi jama'arsa. Don ka gane zamanin da ake magana: Imam Malik yana raye a Madina, sai 795 ya rasu. Imam Shafi'i matashi ne. Imam Ahmad bin Hambal kuwa, a shekarar da aka naɗa Timotawus aka haife shi, a Bagadazan nan.

Halifan da ya nemi littafin jayayya

Halifan lokacin shi ne Mahdi, ɗan Mansur, wanda ya yi mulki daga 775 zuwa 785. Laƙabin sarauta ne, ba Mahadin ƙarshen zamani ake nufi ba. Shi ne mahaifin Haruna Rashid da ka saba ji a labaran Dare Dubu da Ɗaya.

Daular Mahdi cike take da addinai: Kiristoci kashi-kashi, Yahudawa, Majusawa, mabiya Mani. Duk suna da malamai da suka daɗe suna goge baki a wajen jayayya. Sai Halifa ya ba da umarni a fassara masa wani littafi na masanin Girka, Aristotal, mai suna Topika, zuwa Larabci. Littafin ba na addini ba ne. Yana koyar da yadda ake muhawara ne: yadda za ka yi tambaya, yadda za ka amsa, yadda za ka kama abokin jayayya in ya yi tufka da warwara. Ka san wa ya ba aikin? Timotawus. Shi da wani masani Kirista, Abu Nuhu al-Anbari, suka juya shi daga Suryani zuwa Larabci, kuma Timotawus ya rubuta a wasiƙarsa cewa Abu Nuhu ne ya yi mafi yawan aikin.

Ka duba wannan da kyau. Sarkin Musulmi na lokacin ya ga cewa kare addini na bukatar koyon ƙa'idar muhawara, kuma bai ji kunyar karɓarta daga hannun wanda za su yi jayayya da shi ba.

Kwana biyu a fada

Wajen shekarar 782, Timotawus ya je fada gaisuwa kamar yadda ya saba. Bayan ya gama yabo da addu'a irin na fada, sai Halifa ya jefo masa tambaya da Larabci: ta yaya mai ilimi irinsa zai yarda cewa Allah ya yi aure har ya haifi ɗa?

Ka san irin wannan tambaya a intanet, daga nan sai zage-zage. Timotawus ya amsa cewa duk wanda ya faɗi haka ya yi saɓo, kuma Kiristoci ba haka suke cewa ba. A aƙidarsu, in ji shi, Almasihu Kalmar Allah ne, kuma fitowarsa daga Allah kamar fitowar haske daga rana ce, ko fitowar magana daga rai, babu aure babu jiki a ciki. Halifa bai gamsu ba, ya koma kan Triniti, wato aƙidar Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki: in uku ne, ina kaɗaitakar? Timotawus ya buga misali da Halifan kansa, cewa shi da maganarsa da ruhinsa ba sarakuna uku ba ne. Ya ƙara da rana da haskenta da zafinta. Halifa ya matsa masa kan cewa misalin halitta ba ya dacewa da Mahalicci, shi ma ya yarda cewa kowane misali yana da inda ya gaza.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne Timotawus ya san Alƙur'ani. Ya kawo wuraren da aka kira Annabi Isa (AS) kalma da ruhi daga Allah. Ya kawo wuraren da Allah ke magana da lamirin jam'i, har ma ya nemi hujja a haruffan da ke buɗe wasu surori. Malaman Musulunci ba su yarda da fassarar da ya yi ba, a wurinsu jam'in girmamawa ne ba na adadi ba, kuma kalmar tana nufin umarnin Allah da aka halicci Isa da shi. Amma dai mutumin ya karanta, bai tsaya kan ji-ta-ji-ta ba.

Halifa ma ba a bar shi a baya ba, ya san Attaura da Linjila. Ya kawo alkawarin Mai Taimako da ke cikin Linjilar Yahaya, ya ce Annabi Muhammad (SAW) ake nufi. Ya kawo annabi mai kama da Musa da aka yi alkawari a Attaura, da mahayin raƙumi da ke littafin Ishaya. Timotawus ya bi su ɗaya bayan ɗaya da tasa fahimtar: Mai Taimako a wurinsa Ruhu Mai Tsarki ne da ya sauko wa almajiran Isa. Da Halifa ya ce ai an sauya littattafan ne, sai ya tambaya ina kwafin da ba a sauya ba don a gwada, kuma ta yaya Yahudawa da Kiristoci da ba sa ga-maciji za su haɗa baki su sauya littafi iri ɗaya. Kan gicciye, Halifa ya kafa hujja da ayar Suratun Nisa'i da ta kore kisa da gicciye, shi kuma ya jawo ayoyin Suratu Maryam da Ali Imrana da ya fahimta a matsayin masu nuna mutuwar Isa.

In ka taɓa kallon muƙabalar Ahmed Deedat da Jimmy Swaggart ta 1986, ko waɗanda ake yi yanzu a filayen wa'azi, za ka ga yawancin tambayoyin nan ne dai ake juyawa. Wanda ke ce maka ya zo da hujjar da za ta gama da ɗaya ɓangaren cikin minti ɗaya, bai san an kwashe ƙarni goma sha biyu ana kai-komo a kanta ba.

A zama na biyu aka zo wurin da ya fi haɗari. Halifa ya tambaye shi kai tsaye me zai ce game da Annabi Muhammad (SAW). Ka sa kanka a matsayinsa. In ya ce annabi ne, ya bar addininsa, ya ci amanar jama'arsa. In ya yi ɓatanci, ya jefa kansa da su cikin bala'i. Abin da ya yi shi ne ya lissafo abin da ya gani ya kuma yarda da shi: cewa ya kira mutane ga bauta wa Allah ɗaya, ya raba su da gumaka, ya hore su da kyawawan ayyuka, kuma duk waɗannan tafarkin annabawa ne, don haka ya cancanci yabo a wurin duk mai hankali. Amma bai furta cewa ya yi imani da annabcinsa ba, kuma da Halifa ya ce to ya kamata ya karɓi saƙon gaba ɗaya, sai ya tsaya kan aƙidarsa. Tun a farko ma ya faɗa cewa da ya samu annabci ɗaya tak a Linjila da ya gamsar da shi, da ya bi.

Kusa da ƙarshe ya buga wani misali da har yau ake ambata. Ya kwatanta duniya da ɗaki mai duhu a tsakar dare, cike da mutane, sai lu'ulu'u ya faɗo tsakaninsu. Kowa ya kai hannu. Wani ya damƙi lu'ulu'un, wani kwalba, wani tsakuwa, wani ɓurɓushin ƙasa, kuma kowa na murna shi ya samu. Sai gari ya waye za a san wanda ya riƙe na gaske. Kar ka fahimce shi a karkace, ba cewa yake duk addinai ɗaya ba ne. Lu'ulu'u ɗaya ne a misalin, kuma ya yi imani yana hannunsa. Ya ce ma tun a duniya ana iya hango alamar mai shi ta kyawawan ayyuka da mu'ujiza. Halifa ya ce yana kyautata zato ga Allah cewa su ne ke riƙe da shi. Timotawus ya amsa da amin, ya yi fatan Allah ya sa su ma su samu rabo. Ya yi wa Halifa da 'ya'yansa Musa da Haruna addu'a, Halifa ya tashi ya shiga ciki, shi kuma ya koma gida.

Wa ya riƙe kyamarar?

A ajin aikin jarida, abin da aka fara koya mana shi ne ka tambayi wa ya ba da labari, kuma me zai samu. Labarin muƙabalar nan daga alƙalamin Timotawus ya fito. Ya rubuta shi da Suryani a wata doguwar wasiƙa zuwa ga amininsa Sarjis, don Kiristoci su karanta su samu amsar da za su bayar in an tambaye su. Shi ya sa a ciki tambayoyin Halifa gajeru ne, amsoshin Timotawus dogaye. Da magatakardan fada ne ya rubuta, da tsawon ya juye. Wato ko a wancan zamani, mai riƙe da kyamara shi ke zaɓar inda zai yanke. Bambancin kawai, Timotawus bai mayar da abokin muhawararsa wawa ba. Halifan da ke cikin wasiƙarsa mai kaifin basira ne, mai karatu, mai saurare.

Na biyu, ba sa'anni biyu ne suka zauna ba. Ɗaya na da runduna, ɗaya shugaban masu biyan jizya ne. Wani ɓangare na ladabin Timotawus dole ce ta sa. Kuma zamanin ba aljanna ba ne. Mahdin nan da ya saurare shi, shi ne ya yi ta farautar waɗanda ake zargi da zindiƙanci yana kashewa. A 807 Haruna Rashid ya ba da umarnin rushe coci-coci a yankunan iyaka da Rumawa, ya kuma ce waɗanda ba Musulmi ba a Bagadaza su bambanta tufafinsu. Duk da haka, a cikin wannan yanayi aka samu sarki mai cikakken iko da ya ji an saɓa masa a kan abin da ya fi ƙauna, bai ɗaga takobi ba.

Malaman Musulunci kuwa ba su yi shiru ba, da alƙalami suka mayar da martani. A ƙarnin da ya biyo baya Jahiz ya rubuta raddi ga Kiristoci. Ali bin Rabban aɗ-Ɗabari, wanda Kirista ne da ya musulunta, ya rubuta nasa yana kafa hujja da Littafi Mai Tsarki. Abu Isa al-Warraƙ kuwa, kafin ya soki aƙidar Kiristoci, sai da ya zayyana abin da kowane ɓangarensu ya yi imani da shi dalla-dalla, har masana na yau ke yaba daidaiton bayaninsa. Ka fara sanin abin da mutum ya ce kafin ka ce ya yi kuskure, wannan ita ce ƙa'idar da manyan ɓangarorin biyu suka bi.

Shekara 43 a kan kujera

Muƙabalar kwana biyu ce kawai a cikin mulkin shekara 43. Timotawus ya ga halifofi biyar: Mahdi, Hadi, Haruna Rashid, Amin da Ma'amun. Ya yi ta zirga-zirga a fada yana nema wa jama'arsa izinin gyara coci-coci, yana amfani da kusancin likitocin fada Kiristoci, irin dangin Bukhtishu. Ya tura bishop-bishop zuwa yankunan Dailam da Gilan a bakin tekun Kasfiya, da wurin Turkawan tsakiyar Asiya, ya kula da na Indiya da Sin, har ya rubuta cewa yana shirin naɗa wa mutanen Tibet nasu. Don ka ga nisan abin, a 781 Kiristocin Sin suka kafa wani dogon allon dutse da ke birnin Xi'an har yau, suka rubuta sunan Hananisho a matsayin shugabansu, don labarin rasuwarsa bai iso gare su ba tukuna.

Mutum ne mai son littafi kamar me. An ce wasiƙunsa sun kai 200, guda 59 suka tsira, kuma a cikinsu ya sha roƙon abokai su bincika masa ɗakunan karatu su kwafo masa littafi kaza. A ɗaya ya ba da labarin da ya ji cewa karen wani mafarauci Balarabe ya shiga wani kogo kusa da Yariko, mai shi ya bi shi, sai ga tarin tsofaffin littattafan Ibrananci. Ya aika a duba masa wasu ayoyi a ciki, bai samu amsa ba, abin ya yi ta cin ransa. A 1947 wani makiyayi ya yi irin wannan tuntuɓen a kogunan yankin nan, aka samu takardun da duniya ta sani yau da takardun Mataccen Teku.

Sai dai ga wani abin lura. Mutumin da ya yi wa Halifa laushi, bai yi wa na cikin gida ba. A wani taron manyan limamai ya haramta rubuce-rubucen wasu masu zuhudu na cocinsa, irin su Yohanna na Dalyata da Yusuf Hazzaya, yana zarginsu da karkatacciyar aƙida. Sai da ya mutu, magajinsa Isho bar Nun, abokin karatun nan nasa da suka daɗe ba sa jituwa, ya wanke su. Wannan ma ai mun san shi. Sau da yawa mun fi iya haƙuri da na wani addini fiye da ɗan'uwan da muka saɓa da shi kan mas'ala ɗaya.

Ya rasu a watan Janairun 823, yana da kimanin shekara 95, aka binne shi a Bagadaza. Wasiƙar muƙabalar ta ci gaba da yawo da Suryani da Larabci, har a 1928 wani masani ɗan arewacin Iraƙi, Alphonse Mingana, ya buga ta a Ingila tare da fassarar Turanci. Cocin nasa kuwa ya ragu ƙwarai. A 2014 'yan ƙungiyar ISIS suka kori Kiristoci daga Mosul, inda suka zauna tun kafin a haifi Timotawus. A 2015 mazaunin shugaban Cocin Gabas na Assuriyawa ya dawo Arbil bayan shekaru a Amurka, kusa da garin da aka haifi mutumin namu.

Komawa ɗakinmu

A rana ta goma, babbanmu a ɗakin ya nemo cikakken bidiyon nan, awa biyu da wani abu, ya ce sai mun kalla tare. Ashe malamin ya yi tuntuɓe a wani wuri, faston ma ya yi a wani, kuma da aka tashi sun yi musabaha suna dariya. Mu da ba mu je wurin ba mu ne ke gaba.

Daga nan muka yi wani gwaji da nake so kai ma ka yi. Kowa zai bayyana aƙidar ɗan'uwansa, har sai mai aƙidar ya ce haka ne. Wallahi duk mun faɗi. Ɗayanmu ya zaci Kiristoci alloli uku suke bauta wa, har da Maryamu a ciki. Abokinmu Kirista kuma bai taɓa sanin cewa imanin Musulmi ba ya cika sai ya yarda da Annabi Isa (AS) da haihuwarsa ba tare da uba ba. Shekara uku muna kwana ɗaki ɗaya, ba mu san wannan ba.

Ba ina ce maka ka sassauta aƙidarka ba ne. Timotawus bai sassauta ba, Mahdi bai sassauta ba. Suratul Ankabut ta gindaya wa Musulmi cewa jayayya da Ahlul Kitabi sai ta hanya mafi kyau, wasiƙar Bitrus ta fari kuma ta umarci Kirista ya kare imaninsa da tawali'u da girmamawa. Kowa na da wannan a littafinsa. Don haka kafin ka tura guntun bidiyo na gaba, ka tambayi kanka wa ya yanke shi, me ya cire, kuma ko za ka iya faɗin abin da ɗaya ɓangaren ya yi imani da shi yadda shi kansa zai yarda. In ba za ka iya ba, karatu ne ya rage maka, ba muƙabala ba.

Mu dai a ɗakinmu har yanzu ba mu daidaita kan Triniti ba, kuma ba na zaton za mu daidaita. Amma tukunya ta koma ɗaya, kuma makon nan abokinmu ne da girki.